HAWAN JINI NA BAKIN IYAKA: GARGAƊI NE, BA ALBISHIR BA

   

Maudu'in zamanmu na yau ya shafi wata magana ce da mutane da yawa suka taɓa ji a asibiti ko a shagon magani. Mutum zai miƙa hannu, a ɗaura masa na'urar awo, a ce da shi: "Jininka ya ɗan hau, amma bai kai hawan jini ba." Sai ya yi hamdala, ya gyara zaman hularsa, ya koma kasuwa. Ba zai sake awo ba sai bayan shekaru, ko kuwa ranar da aka ɗauko shi ranga-ranga. Abin da nake son mu tashi da shi a yau shi ne, wannan "ɗan hawan" gargaɗi ne, kuma lokacinsa ne lokacin aiki.

Da farko mu fahimci lambobin. Duk wanda aka auna, lamba biyu ake ba shi, misali 120 bisa 80. Ta sama tana nuna ƙarfin da jini yake dannar bangon jijiya sa'ad da zuciya ta matse ta turo shi. Ta ƙasa kuwa tana nuna ƙarfin da ya rage sa'ad da zuciya ta saki tsakanin bugu da bugu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga mutum cikin masu hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka sami ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90. To, tsakanin 120 da 139 fa? Nan ne bakin iyakar da muke magana a kai.

Masana sun yi saɓani a kan sunan wannan matsayi, amma ba su yi saɓani a kan haɗarinsa ba. A shekarar 2003 wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya kira shi share fagen hawan jini. A 2017 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na ƙasar suka sauko da iyakar, suka ce daga 130 bisa 80 mutum ya riga ya shiga matakin farko na cutar. A 2024 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta bar iyakar a 140 bisa 90, amma ta ware daga 120 zuwa 139 a matsayin mataki na musamman mai bukatar kulawa. Saɓanin na lafazi ne, ma'anar ɗaya ce.

Mene ne dalilinsu? A garin Firamingam na Amurka an fara bin diddigin lafiyar zukatan mazauna garin tun 1948. A 2001 aka fitar da wani sakamako na wannan bincike, wanda ya nuna cewa waɗanda awonsu yake tsakanin 130 da 139 sun fi masu ƙasa da 120 kamuwa da cututtukan zuciya da jijiyoyi, maza da mata. A 2002 kuma aka tattara bincike 61 da suka ƙunshi manya kusan miliyan ɗaya. Natijar ita ce, tun daga 115 bisa 75, duk ƙarin 20 a lambar sama yana ninka haɗarin mutuwa ta hanyar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ga masu shekara 40 zuwa 69. Ku lura da kyau, 'yan uwa. Haɗarin ba katanga ba ce da mutum yake tsallakawa a ranar da ya kai 140. Tudu ne da ake hawa sannu a hankali.

Yadda ɓarnar take aukuwa kuwa, ku ɗauki misalin tiyon ban-ruwa da aka ƙara wa ƙarfin inji fiye da ƙima. Ba ranar farko yake fashewa ba. Zuciya tana bugawa kimanin sau dubu ɗari a kowace rana, kuma kowane bugu yana dannar jijiyoyi da ɗan ƙarin nan. Da tafiya ta yi nisa sai bangon jijiya ya yi tauri, maiƙo ya sami wurin maƙalewa, naman zuciya ya yi kauri saboda wahalar turawa, ƙananan jijiyoyin ƙoda da na ido da na ƙwaƙwalwa su raunana. Duk wannan yana gudana mutum yana cin tuwonsa, yana ganin lafiyarsa ƙalau.

A nan akwai kurakurai uku da ya wajaba mu gyara. Na farko, masu cewa ai da jininsu ya hau da sun ji ciwon kai ko jiri. Galibi wannan cuta ba ta da alama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum biliyan 1.3 ne ke ɗauke da ita, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Na biyu, masu cewa cutar masu kuɗi ce ko ta tsofaffi. Jijiya ba ta tambayar aljihu, kuma wanda iyayensa suka yi fama da ita ya fi kusa da ita ko da yana ɗan shekara talatin. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne idan magidanci ya faɗi, bakinsa ya karkace, hannunsa ya saki, sai a ce jifa ne ko shafar aljanu, a kwashe shi zuwa wurin boka. A yi hasarar aƙida, a yi hasarar dukiya, a kuma yi hasarar sa'o'in farko waɗanda su ne mafi tsada wajen ceto ƙwaƙwalwa. Wanda fuskarsa ta karkace, ko maganarsa ta sarƙe, ko ɓarin jikinsa ya mutu, asibiti za a nufa da shi nan take, ana tafe ana yi masa addu'a.

To mene ne abin yi ga wanda yake bakin iyaka?

Na ɗaya, ya tabbatar da awon. Ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa daidai ƙirji, ba ya magana. Kada ya sha kofi ko ya ci goro rabin sa'a kafin awo. Ya maimaita a ranaku daban-daban, ya rubuta a takarda ya kai wa likita.

Na biyu, gishiri. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance wa baligi shi ne ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wannan lissafi ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi, da yajin tsire, da kilishi, da burodi, da taliyar leda. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini. Iyayenmu mata da ke saurare, wannan amana a hannunku take. A rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, harshe zai saba.

Na uku, motsa jiki na minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta rabin sa'a sau biyar. Na huɗu, rage ƙiba, domin kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya sauke yana rage kimanin lamba ɗaya a awon sama. Na biyar, yawaita ganye da wake da 'ya'yan itace, irin su zogale, alayyafo da ayaba, sai dai mai ciwon ƙoda ya nemi shawarar likita tukuna. Na shida, barin taba, da barin shan magungunan ciwon jiki barkatai, domin irin su ibuprofen da diclofenac suna ɗaga jini. Wanda kuma yake da ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko ya taɓa faɗuwa, likita yana iya ɗora shi a kan magani tun daga 130 bisa 80. Idan an ɗora shi, kada ya daina don ya ji sauƙi.

Wani zai ce, ai kwana idan ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, ajali yana hannun Allah. Amma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. Ku dubi magidancin da ya shekara bakwai a kwance, ana juya shi, an sayar da gonarsa, an cire 'ya'yansa daga makaranta. Shekaru goma kafin faɗuwarsa an gaya masa jininsa ya ɗan hau.

Saboda haka, kada watan nan ya fita face kowannenmu ya san lambarsa, ya kuma kai mahaifansa da iyalinsa an auna su. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi.