Gyaran Ƙaba Ba Tare da Tsage Ciki Ba



Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma ga ciwon ƙaba, ko gwaiwa, mutanenmu sukan yi ta ɓoyo saboda kunya, har ranar da ɓoyon ba ya da amfani. Abin da ke faruwa shi ne, bangon ciki yakan yi rauni a matsematsi, ko a cibiya, ko kan tabon tsohon aiki, sai hanji ya leƙo ta wurin. In ya maƙale jini ya daina isa gare shi, sai ya ruɓe cikin 'yan sa'o'i. Jiƙo ba ya toshe wannan kafa, sai aikin likita.

A shekarun 1880 Edoardo Bassini na Italiya ya tsara yadda ake tsaga wurin a ɗinke shi. A 1958 Francis Usher na Amurka ya shigo da ragar roba wadda ake shimfiɗawa kamar faci a riga. Daga bisani, a 1993, LeBlanc da Booth suka ba da rahoton gyaran ƙabar tabo ta hanyar ƙananan huji.

Ga yadda ake yi. Bayan an sa majinyaci barci, sai a yi ƙananan huji uku ko huɗu. A hura iska don ciki ya buɗe, a zura siririn madubi mai fitila wanda ke nuna hoto a allo. Likita ya mayar da hanji mazauninsa, ya shimfiɗa raga ta ciki, ya kafe ta. Zafi kaɗan ne, miki bai cika ruɓa ba, mutum yakan koma aiki da wuri.

To, amma fa kayan na da tsada, suna bukatar lantarki da ƙwararren hannu. Tsohuwar hanya kuwa, a ƙabar matsematsi, ana iya yin ta da allurar kashe zafi kawai, kuma tana warkarwa sarai. Saboda haka kada wani ya zauna jiran sabon yayi alhali kumburi na ƙaruwa.

Ku ma'aikata masu tsara kuɗin asibitoci, ku tuna da horar da likitoci kafin sayen na'ura. Ku kuma ɗalibai, ku gaya wa iyaye a gida: kumburin da ya ƙi komawa, ga zafi ga amai, ba ya kwana.