Mu Daina Yi Wa Mutane Kuɗin Goro

 Mun gode wa Allah da ya tara mu lafiya a nan Gyallesu. Maganarmu ta yau a kan kuɗin goro ce, wato halin nan na yanke wa kabila guda ko addini guda hukunci ɗaya tun ba mu san mutum ɗaya daga cikinsu ba.

Karatunmu yana cikin Yahaya 1:43-51. Da Filibus ya kawo wa Nata'ala labarin Yesu, Nata'ala bai tambayi halin Yesu ko koyarwarsa ba. Sunan garin Nazarat kawai ya ji, sai ya yi shakkar alheri zai iya fitowa daga can. Filibus bai tsaya gardama ba, ya gayyace shi ya je ya duba da idonsa. Gani ya kori ji. Da Nata'ala ya tsaya a kan abin da ya saba ji, da ya rasa Mai Ceto saboda sunan ƙauye.

Daga ina muka gaji wannan hali?

Ba wanda aka haifa da raini, koyonsa ake yi a tsakar gida da kasuwa. Yaro yana jin an kira mai bi arne. Yana jin an kira duk mutumin gabas Inyamuri, an mai da sunan Gwari abin ba'a har wanda Hausarsa ba ta nuna ba a ce yana gwaranci. In Bahaushe ya sauka Legas, ko likita ne shi, aboki zai zama, cikin sautin da kowa ya san ba na abota ba ne. Muna da wasan taubasai tsakanin Zage-zagi da Kanawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, kuma wannan mai kyau ne, domin kowa yana da bakin ramawa, a yi dariya a ci abinci tare. Raini kuwa mutum ɗaya ke dariya.

Tsarin garinmu ma ya taimaka. Turawan mulkin mallaka sun ware Birni ga 'yan gari, Tudun Wada ga baƙin Arewa, Sabon Gari ga mutanen Kudu. Sun zo da nasu kuɗin goron, suna ganin wasu an halicce su don mulki, wasu kuma don a mulke su. Mutanen da ba sa cuɗanya kuwa, da jita-jita suke sanin juna.

An yi mana, mun san zafinsa

Sau nawa aka ce mana ba a Bahaushe Kirista? Sau nawa aka tambayi ɗanmu ainihin garinsu bayan ya faɗi sunansa, alhali kakanninsa a ƙasar Zazzau aka binne su? Tarihi yana nan. Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929, inda aka gina majami'a da ƙasa, ginin Hausa sosai. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Likita R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, mutumin Wusasa ne. Ɗalibai nawa suka karanta littafin nan ba su san haka ba?

Abin baƙin ciki, har cikin gidan Allah ana yi mana. Wani dattijonmu ya yi tafiya, ran Lahadi ya sa babbar rigarsa da hula ya nufi wata majami'a. Masu tsaron ƙofa suka tsare shi, suka caje shi, suka sa ya karanta Addu'ar Ubangiji kafin su bar shi ya shiga. Ya dawo yana ce mana, "Fasto, a waje ni arne ne, a ciki kuma ni abin tsoro ne." Mutumin da ya fi shekara 40 yana bin Almasihu ke nan.

Mu ma muna yi

'Yan'uwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba mu manta da Maris na 1987 ba, lokacin da rikicin Kafanchan ya iso Zariya aka ƙone majami'u da yawa. Ba mu manta da 17 ga Yuni 2012 ba, ranar da bam ya tashi a majami'u a Wusasa da Sabon Gari. Raunukan nan na gaske ne, ba mai cewa mu yi kamar ba su faru ba. Amma a wannan rana ɗin, matasan da ke amsa sunan Kirista sun tare hanya a Gonin Gora ta Kaduna, suka kashe matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da me aka gane su? Da riga da harshe. Da dattijon nan namu ya bi ta hanyar ran nan, me zai cece shi?

Sai kuma abin da ya faru a ƙofar gidanmu. A Disamba 2015 sojoji suka yi arangama da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky a nan Zariya, har cikin Gyallesu. Gwamnatin Jihar Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. Ba mu zo yanke shari'ar wannan al'amari ba. Tambayarmu ita ce, me muka ce a ɗakunanmu? Da yawanmu mun kaɗa kafaɗa muka ce ai 'yan Shi'a ne. Cikinsu akwai waɗanda muke haɗuwa da su kullum a hanyar Kongo, akwai mata da yara. Suna ɗaya ya isa ya hana mu juyayi. Wannan shi ne aikin kuɗin goro: yana fara da ba'a, ya ƙare da zuciyar da ba ta jin mutuwar maƙwabci.

Ko Bitrus, manzo guda, sai da Allah ya nuna masa wahayi har sau uku kafin ya yarda ya taka gidan Karniliyus, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 10 ta nuna. A can ya gane Allah ba ya tara. A Luka sura 10 kuma, mutumin da Yesu ya zaɓa ya zama misalin jinƙai Basamariye ne, daga kabilar da masu sauraronsa suka fi rainawa.

Me za mu yi?

Na ɗaya, mu gyara bakinmu a gida. Sunan da ba za mu iya kiran mutum da shi a gabansa ba, kada 'ya'yanmu su ji shi a bakinmu.

Na biyu, dattawa mu duba ikilisiya. Wa muke zaɓa ma'aji, wa muke hana 'yarmu aure? In kabila ce ma'auninmu, mu tuba.

Na uku, masu wa'azi mu daina ɗora laifin mutum ɗaya a kan jama'a duka. In wani ya yi mugunta, a ce wane ya yi. Tsaro a ƙofar majami'a ya zama dole, amma a caje kowa daidai, mai kwat da mai babbar riga.

Na huɗu, mu tafi mu gani. Gaisuwar mutuwa, barkar haihuwa, dubiyar marar lafiya, ba ɗayansu da ke rage bangaskiyarmu. Kowane gida ya zaɓi maƙwabci ɗaya da bai taɓa shiga zaurensa ba, ya kai masa gaisuwa kafin taronmu na gaba, mu zo mu ba juna labari.

Allah ya gafarta mana inda muka raina wanda ya halitta cikin kamanninsa. Ya warkar da raunukanmu, ya ba Gyallesu da ƙasar Zazzau salama. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya tabbata tare da ku duka. Amin.