JAWABI A KAN KULOCIN MOTA MAI MAƘALEWA

 

An nemi in yi magana a kan wani ɗan ciwon mota da muke rainawa, wato kuloci ya yi tauri, ko a taka shi ya ƙi dawowa sai direba ya sa bayan ƙafa ya ɗago shi. Jama'a, yawancinmu nan Sabo abincinmu a kan taya yake. Mai goro zai je Shagamu, mai tumatir da albasa zai kai Bodija ko Mile 12 a Legas. Garin Ibadan kuwa kun san shi, hawa da gangara ne, ga cunkoso. Idan kuloci ya maƙale a kan hawa, mota cike da lodi, giya ba za ta shiga ba, sai ta fara komawa baya. A nan maganar ta wuce asarar kaya, ta zama ta rai.

To, ga yadda abin yake aiki. Idan ka taka feda, ƙarfin ƙafarka yana tafiya ta ɗayan hanya biyu: ko ta kebul, kamar a tsofaffin Golf, ko ta man birki, kamar a Hiace da Hilux da Peugeot 504. Ƙarfin nan yana tura wani ƙarfe mai baki biyu da ya leƙo daga jikin giya, makanikai na ce masa fok. Shi fok a kan wani ɗan dunƙulen ƙarfe yake lilo, ya tura boris, boris ya danna sifirin, faifan kuloci ya saki injin, sannan giya ta shiga. Duk inda ƙarfe ke goga ƙarfe a wannan hanya, giris yake so.

Mu da ke Kudu abin ya fi samunmu. Damina a nan doguwa ce, kullum mota cikin kwatami da ruwa. Akwai wata roba da ta rufe ramin da fok ya fito. In ta tsage, ruwa da laka su shiga, su wanke giris, tsatsa ta kama. Ka yi Arewa da rani kuma, ƙura ta shiga ta daskare a kan ɗan abin da ya rage.

Kafin a taɓa komai, a gane inda ciwon yake. A kashe injin, mutum ɗaya ya riƙa taka feda a hankali, ɗaya yana saurare. In kukan daga ƙarƙashin sitiyari yake, to gindin fedar ce ta bushe ko sifirinta ya saki. In daga wajen giya yake fitowa, fok ne. Mai kebul ya duba ko zaren ƙarfen ya fara tsinkewa, don kebul in ya fara tsinkewa canji yake so, mai ba ya warkar da shi. Mai man birki ya duba tulun: in mai yana raguwa, ko feda ta yi laushi ta kwanta ƙasa, to roba ce ta mutu ko iska ta shiga, wannan ba aikin giris ba ne.

In an tabbata fok ne, a tsai da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a sa waigi a taya, a zare makulli. Don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota yana dogara da jak kaɗai, sai an tokare ta da abu mai ƙarfi. A janye robar nan, a haska da tocila, a goge datti. Sai a lakaci giris mai jure zafi a bakin doguwar sukundireba, a shafa wa dunƙulen da fok ke lilo a kai, da kuma wurin da sanda ko kebul ke tura shi. A taka feda sau goma ko ashirin don ya ratsa, a mai da roba. In ta tsage a sayi sabuwa, kuɗinta bai kai komai ba.

Amma ku ji wannan da kyau: kaɗan ake sawa. Kada a tuttula baƙin mai ko a yi ta feshi cikin ramin nan. Mai in ya taɓa faifan kuloci, sai ya riƙa zamewa, injin na ihu mota ba ta ja, dole a sauke giya a canza shi. Haka kuma tulun kuloci ba a zuba masa man injin, yana kumbura robobi. Man birki ake sawa, DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfin, a kuma riƙa canza shi kamar duk shekara biyu, don yana shan ruwa daga iska.

In an yi duk wannan tauri bai tafi ba, to bututun da boris ke zamewa a kai ne ya bushe, ko fok ɗin ya tsage ko ya lanƙwashe. Wannan sai makanike ya sauke giya. In za a sauke, a canza faifai da boris gaba ɗaya, kada a biya kuɗin aiki sau biyu. Wasu motocin zamani ma ba su da fok a waje, komai a ciki yake, kada a tsaya nemansa.

Ku direbobi, ku daina ɗora ƙafa a kan kuloci kuna tafiya, kuma a kan hawa birki ake riƙe mota da shi. Ku masu motoci, in direba ya ce feda ta yi nauyi, ku saurare shi, kada ku ce a kai wannan lodin tukuna. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa wa kasuwa albarka.