Hanya ba ta mai mota kaɗai ba ce

Jawabi ga masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci na garin Diffa da ƙauyukan bakin Komadugu

Maganar yau a kan keke take, da mutanen da suke rasa ransu a kansa, da aikin da ya rataya a wuyan gwamnati don a rage wannan asara.

Dokin talaka

Keke ba ya cin dawa, ba ya shan mai. In taya ta fashe, mai faci yana nan a bakin kasuwa. Da keke manomi yake zuwa garkarsa ta tattasai a bakin kogi. Da shi ɗan makaranta yake zuwa aji. Da shi ake kai buhu kasuwar Diffa ranar Talata, da shi ake zuwa kiran ungozoma cikin dare.

A watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur a cikin jihar, domin da babur maharan suke yawo. An kuma hana cinikin tattasai da kamun kifi. Sai a 2017 aka buɗe cinikin tattasai, na kifi kuma a 2019. A waɗannan shekaru, wanda ya saba da babur ya koma ga keke, ko amalanke, ko ƙafa. Masu keke suka ƙaru, amma hanya tana nan yadda take.

Hanya ɗaya, masu bi da yawa

Babbar hanyar da ta ratsa Diffa ita ce hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai. Ta taso daga Yamai, ta bi ta Dosso, Maraɗi, Damagaram, Gure da Maine-Sorowa, ta wuce Diffa zuwa Gigimi. Daga Yamai zuwa Diffa ya fi kilomita 1,300. Yankinta na gabas, a shekarun 1970 aka shimfiɗa masa kwalta da taimakon ƙasar Kanada. A lokacin motoci kaɗan ne.

Tun daga nan abubuwa sun sake. A 2011 aka fara haƙo man fetur a Agadem, manyan motoci suka yawaita. A 2015 da 2016 dubban mutanen da suka gudo daga bakin kogi da tabkin Cadi suka kafa bukkoki a gefen kwalta, a wurare kamar Asaga, Garin Wanzam da Kinjandi. Inda da daji ne, ya zama gari. Yara suna tsallake hanya, mata suna ɗauke da ruwa, awaki suna kiwo, mai keke yana tafe da kaya, babbar mota tana zuwa da gudu. Duka a kan kwalta ɗaya mai faɗin mota biyu. Ba a ware wa keke nasa wuri ba.

Yadda hatsarin yake faruwa

Manomi ya ɗaure buhun busasshen tattasai a bayan keke. Buhun ya fi keken faɗi. Ya taso da asuba, ga hazon hunturu, domin lokacin girbin tattasai shi ne lokacin hazo. Kekensa ba fitila. Mota ta taso masa ta baya, wata kuma ta gaba. Direba ya danna oda. Manomi ya kauce gefe, taya ta faɗa cikin rairayin da iska ta tara a bakin kwalta, keke ya karkace. Ko kuma bakin kwaltar ya gutsure, ya zama gargada. In ya faɗi waje, ya sha da ƙujewa. In ya faɗi ciki, sai gawa.

Ga wani lissafi da kowane mai karatu zai iya yi a allo. Motar da take gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga mai keke, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Wato mota ta ci mita 25 birki bai fara aiki ba. Motar da take gudun kilomita 30 kuwa, mita 8 da ƴan kai take ci. Wannan bambanci shi ne tsakanin rai da mutuwa. Mai mota yana cikin ƙarfe. Mai keke jikinsa ne ƙarfensa.

Abin ba na Diffa kaɗai ba ne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙidaya a 2023. Ta ce mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. In aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara, alhali kuwa ita ce mai ƙarancin motoci.

In mutum ya mutu a hanya, akan ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma mai garka ba ya barin ta ba shinge ya ce abin da awaki za su ci rabonsu ne. Rigakafi ya fi magani.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

A ƙasar Holan, can Turai, mutum wajen 3,300 suka mutu a kan hanya a shekarar 1971. Fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka tashi, suka haɗa kai, suka matsa wa hukuma. A 1973 kuma man fetur ya yi tsada a duniya. Gwamnatinsu ta shiga kashe kuɗi tana gina wa keke hanyarsa dabam, tana rage gudun mota a cikin unguwanni. Hanyoyin keke na ƙasar sun kai fiye da kilomita 30,000. Masu mutuwa a hanya sun ragu, ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na adadin 1971 ba, ga shi kuwa motoci sun ƙaru.

Wani zai ce wannan ƙasar masu kuɗi ce. To, ga misali kusa da gida. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, an ware wa keke da babur nasu layi a gefen manyan tituna. Abin da maƙwabci ya iya, ba gagara ba ne.

A 2020 ƙasashen duniya suka taru a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. Suka ba da shawara cewa duk inda mota take cuɗanya da masu ƙafa da masu keke, kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa buri a rage mutuwar hanya da rabi daga 2021 zuwa 2030.

Aikin gwamnati

Gwamnatin Nijar ta yi wasu abubuwa. A 2014 aka yi sabuwar dokar hanya, aka kafa hukumar kiyaye hatsari da ake kira ANISER. Domin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2021, wanda aka yi wa suna Diffa N'Glaa, an shimfiɗa kwalta a wasu titunan garin Diffa. Wannan abin yabo ne. Sai dai sabuwar kwalta mai santsi tana ƙara wa mota gudu. In ba a tuna da mai keke ba tun wajen zanen hanya, gyaran yakan zame masa hatsari.

Ga abin da ya kamata a sa cikin kowane aikin hanya. Kuɗinsa kaɗan ne in aka gwada da kuɗin kwaltar kanta.

1. A yi gefen hanya mai ƙarfi, da marmara ko kwalta, mai faɗin da keke da kayansa za su bi.
2. A riƙa kwashe rairayi daga bakin kwalta, a cike wuraren da suka gutsure.
3. A yi tudun rage gudu da allon gargaɗi a mashigar kowane gari, da gaban makaranta, kasuwa da ɗakin shan magani.
4. A sa fitilu masu aiki da hasken rana inda jama'a suke tsallakewa.
5. A gyara ƙananan hanyoyin da suke zuwa garake. Ambaliyar Komadugu, irin ta 2019 da 2022, takan lalata su, sai kowa ya hau babbar hanya dole.
6. Jandarma da ƴan sanda su tsananta wa direba mai gudun wuce kima.

Aikin mai keke

Kafin gwamnati ta yi nata, mai keke ya yi nasa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

1. Ya bi hannun dama, shi kaɗai a layi. Kada biyu su jera suna hira.
2. Ya duba birkin gaba da na baya kafin ya fita. Diddige ba birki ba ne.
3. Ya sa fitila a gaba, da jan abu mai ƙyalli a baya. In babu, ya ɗaura tocila. Da dare ko cikin hazo ya sa farar riga.
4. Kada kaya su fi ƙarfin keke. Sawu biyu ya fi kwana a asibiti.
5. Kafin ya juya, ya waiwaya, ya miƙa hannu.
6. In manyan motoci biyu za su haɗu kusa da shi, ya sauka, ya tsaya gefe.
7. Kada yaro ya kama bayan mota tana jansa. Kada a aiki ƙaramin yaro kan babbar hanya da keken da ƙafarsa ba ta kai ba.

Aikin masu karatu

A nan karatu yake da ranarsa. Mai keke da yawa ya mutu a ƙauye an binne shi, ba wanda ya rubuta. Abin da ba a rubuta ba, ma'aikacin da yake Yamai bai san da shi ba. Kuɗin gyara kuwa inda aka nuna hujja suke zuwa.

Saboda haka kowace cibiya ta sami littafi ɗaya. Duk hatsarin da ya faru a rubuta rana, da wuri, da lokaci, da irin motar, da abin da ya sami mai keke. Bayan wata shida a zauna a duba. Za a ga wuraren da abin yake maimaituwa. Sai a rubuta takarda, bulama ya sa hannu, limami da shugabar mata su sa nasu. A kai wa sarki da hukumar gari. A faɗi abin da ake so dalla-dalla: tudun rage gudu a wuri kaza, gefen hanya daga nan zuwa can. A ajiye kwafi. In an ji shiru, a sake rubutawa. In ma'aikatan awon hanya suka zo, a tare su da littafin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati ta gyara hanya, direba ya rage gudu, mai keke ya kula, mai karatu ya rubuta. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.