Amsoshin Wasiƙunku: Gini Naka, Amma Ba Ka Da Ikon Rushe Shi

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu ɗan kasuwar hatsi, wanda ya ce ya ji wai a Amurka akwai tsofaffin gidajen wasan kwaikwayo da hukuma ta hana masu su rushe su. Shi ne yake tambaya, in gaskiya ne, ta yaya mutum zai sa kuɗinsa ya sayi gini, sannan a ce ba zai yi abin da ya ga dama da shi ba?

To malam, gaskiya ne, kuma a birnin New York abin ya fi fitowa fili. Bari mu faro maka daga tushe. A 1963 aka fara rushe wata makekiyar tashar jirgin ƙasa mai suna Pennsylvania, wadda aka buɗe tun 1910. Mutanen gari sun yi ta kuka, amma babu dokar da za su kama. Ganin haka, a 1965 birnin ya yi dokar da ta ba wata hukuma ikon sa duk ginin da ya kai shekara 30 cikin rajistar kayan tarihi, in yana da tarihi ko kyan ƙira. Ginin yana nan a hannun mai shi, shi ke karɓar haya, yana ma iya sayar da shi. Abin da ba zai yi ba shi ne rushewa ko canza masa kama, sai da izini.

Gidajen wasan da kake tambaya suna yankin da ake kira Broadway, kuma akasarinsu an gina su ne tsakanin 1900 da 1930. Fili a wurin ya yi tsadar gaske, ga shi gidan wasa gajeren gini ne, zaune a inda za a iya ɗora bene mai hawa da yawa. Kai ɗan kasuwa ai ka san lissafin. Shi ya sa a 1982 aka rushe guda biyar, har da Morosco da Helen Hayes, don a gina otel ɗin Marriott Marquis. 'Yan wasa da masu goyon bayansu suka fito suka tare wurin a watan Maris, 'yan sanda suka kama kimanin 170. Duk da haka katafila ta yi aikinta, aka buɗe otel a 1985.

Amma kukan nasu bai zama ihu bayan hari ba. A 1987 hukumar ta sa gidajen wasa fiye da 20 cikin rajista, wasu fuskarsu ta waje, wasu cikinsu, wasu duka biyu. Manyan kamfanonin da ke da gidajen suka garzaya kotu a 1988, suna cewa an tauye masu dukiya. Ba su yi nasara ba, a 1992 magana ta ƙare.

Kada ka ce ba su da hujja. Riƙon tsohon gini akwai cin kuɗi, ga ribar da ta wuce mutum. Don a rage masu zafi sai aka ba su damar sayar da sararin da ke saman gininsu. Wato kowane fili akwai iyakar girman ginin da doka ta yarda a yi a kansa. In naka bai kai ba, sai ka sayar wa wani mai gini a yankin ragowar, shi ya ƙara hawa, kai ka karɓi kuɗi. Ka ji masu sayar da iska!

Akwai ma abin da ya fi wannan. Gidan wasa na Palace, wanda aka buɗe a 1913, cikinsa ne ke rajista. Masu filin suna son kantuna a ƙasa, ga shi ba damar rushe ɗakin. Sai a 2022 aka sa jak 34, manyan 'yan'uwan wanda ake ɗaga mota da shi, aka cira ɗakin gaba ɗayansa sama ƙafa 30. Aka sake buɗe shi a 2024.

Nan gida Nijeriya ma akwai irin wannan doka, ita ce ke kare Gidan Makama da ganuwar Kano. Amma duk wanda ya zaga ganuwar ya san wurare da dama sun zube, wasu an yi gini a kansu. Ke nan takarda kaɗai ba ta tsare gini, sai da mutanen da za su tsaya masa, da kuma hanyar da mai shi ba zai tashi da hasara ba.