SAUYA KAMFANIN INSHORA: JAWABI GA MASU GIDAJE DA MASU MOTOCI A MAIDUGURI



Wannan jawabi ya shafi wata tambaya da magidanta ke yawan yi a wannan zamani na tsadar rayuwa, wato ko mutum zai iya barin kamfanin da ya yi wa gidansa ko motarsa inshora, ya koma wani domin ya rage kashe kuɗi. Amsa ita ce yana iyawa, babu dokar da ta ɗaure shi ga kamfani guda. Sai dai ragi na gaskiya shi ne wanda aka samu ba tare da an rage kariya ba.

Mutanen Maiduguri sun fi kowa sanin muhimmancin wannan magana. A ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye babbar kasuwar birnin, wadda ake kira Kasuwar Monday. A ranar 10 ga Satumban 2024 kuma ruwa ya mamaye gari bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ya shiga Gwange da Shehuri da sauran unguwanni, har fadar Shehun Borno, shekara talatin bayan ambaliyar 1994. A irin wannan rana ce ake gane abin da takardar inshora ta ƙunsa da abin da ta bari.

Inshorar mota da aka fi sani iri biyu ce. Ta farko ita ce ta tilas, wadda ke biyan diyya ga wanda direba ya yi wa rauni ko ɓarna, amma ba ta gyara motar mai ita. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga ranar 1 ga Janairun 2023, ta kuma ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Tun da hukuma ce ta yanke farashin, sauya kamfani ba zai rage ko kwabo ba. Duk wanda aka miƙa wa takarda a bakin tasha a kan ƙasa da wannan kuɗi, to, ya yi hattara, da wuya ba ta jabu ba ce. 'Yan sanda sun fara tsananta binciken wannan takarda a duk faɗin ƙasa daga ranar 1 ga Fabrairun 2025.

Ta biyu ita ce cikakkiyar inshora, wadda ke ɗaukar nauyin haɗari da gobara da sata na motar kanta. A nan kamfanoni sun bambanta, amma ƙa'idar 2023 ta ce kuɗin kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar bayan an cire kowane rangwame. Alal misali, motar naira miliyan 6 ba za a yi mata ƙasa da naira 300,000 ba. Saboda haka wanda ake cajinsa fiye da wannan yana da damar neman sauƙi a wani wuri, musamman in ya yi shekaru bai nemi diyya ba. Sai ya karɓi shaidar haka a rubuce daga tsohon kamfaninsa, ya nuna wa sabon.

Game da gida kuwa, tushen inshorarsa gobara ce. Ambaliya da guguwa da tarzoma ƙari ne da ake rubutawa daban, sata ma haka, kuma yawancin takardu suna ware yaƙi da ta'addanci. Kamfani na iya sauke farashi ta hanyar cire ambaliya daga cikin sharuɗɗa. Mai gida a kusa da kogin Ngadda da ya yarda da wannan ya sayar da babbar kariyarsa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hausawa sun ce arha ba ta ado.

Wata hanyar da ke ruɗin mutane ita ce rage darajar gida a takarda. In sake gina gida zai ci naira miliyan 20, amma aka rubuta miliyan 10, sa'an nan wuta ta yi ɓarnar miliyan 4, to, a bisa sharaɗin da aka saba sakawa miliyan 2 kaɗai za a biya, domin rabin darajar aka yi wa inshora. Har wa yau akwai kason da mai dukiya ke ɗauka da kansa a kowace asara. Ƙaramin farashi sau da yawa yana tafe da babban kaso.

Ga wanda ya ƙudura sauyawa, akwai matakai huɗu.

Na farko, ya nemi farashin kamfanoni uku a rubuce, kowanne a kan daraja ɗaya da sharuɗɗa ɗaya, ya kuma tambayi rangwamen haɗa gida da mota wuri guda.

Na biyu, ya tabbata kamfanin yana da lasisi mai aiki daga NAICOM. A watan Yunin 2022 hukumar ta sanar da soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, alhali kuwa sanannu ne. Takardar mota kuma ana iya bincika ta da lambar motar a rumbun bayanan NIID na Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya.

Na uku, ya jira lokacin sabuntawa, gama wanda ya soke yarjejeniya a tsakiyar shekara ba lalle ne a mayar masa da cikakken ragowar kuɗinsa ba.

Na huɗu, ya biya sabon kamfani ya karɓi rasit kafin tsohuwar takarda ta ƙare. Tun 2013 ake aiki da ƙa'idar cewa in ba a biya ba, babu kariya. Ya kuma faɗi gaskiya, har da cewa ruwa ya taɓa shiga gidan, domin ɓoye irin wannan bayani na iya sa a hana diyya.

Waɗanda ke da shakku ta fuskar addini suna da zaɓin takaful, wato tsarin taimakon juna bisa shari'ar Musulunci. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A wannan tsari, in an samu rara a asusu bayan biyan diyya, ana raba wa mahalarta bisa sharuɗɗan yarjejeniya.

Wanda kamfani ya ƙi biya haƙƙinsa yana iya kai kuka ga sashen ƙorafe-ƙorafe na NAICOM, riƙe da takardarsa da rasit ɗinsa. Wanda bai iya karatu ba ya nemi amintacce ya karanta masa sharuɗɗan kafin ya sa hannu.

Allah ya kiyaye rayuka da dukiyoyin jama'a, amin.