Zaƙin da Muke Sayarwa: Magana a Kan Sakarin da 'Yan Uwansa

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, ma'aikaciyar jinya, ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a jarinmu.

Kwamiti ya ce in yi magana a kan lafiya, ni kuma na zaɓi abin da ya shafi sana'armu kai tsaye. A cikinmu akwai masu zoɓo, masu kunun zaƙi, masu kunun aya, da masu ƙanƙarar leda ta 'yan makaranta. Duk mun san yadda kuɗin sukari ya tashi. Mun kuma san farin garin nan da ake ƙullawa a leda a kasuwa, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke zaƙaƙa bokiti guda, wato sakarin. Ban zo kunyata kowa ba, don na san tsada ce take tura mutum. Amma tunda 'ya'yan mutane ne suke sha, har da namu, ya kamata mu san abin da muke zubawa.

Sakarin daɗaɗɗen abu ne, tun 1879 aka gano shi a Amurka. Ya fi sukari zaƙi kusan sau 300, amma ba ya ba jiki ƙarfi ko kaɗan. Yana da 'yan uwa, irin su asfatem da ake sawa a lemon kwalba mai alamar babu sukari da kuma garin lemo na 'yar fakiti. Idan kun duba jerin kayan haɗi a jikin kwalba, lambar sakarin 954 ce, ta asfatem 951.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, wai yana kawo ciwon daji? Ga yadda maganar take. A shekarun 1970 an ɗura wa ɓeraye sakarin mai yawan gaske, wasu suka kamu da ciwon daji a mafitsara, har Amurka ta sa a riƙa rubuta gargaɗi a jikin kaya. Daga baya aka gane jikin ɓera daban yake da na mutum ta wannan fuska, aka cire gargaɗin a 2000. Shi kuma asfatem, a watan Yuli na 2023 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa shi a jerin abubuwan da ake zargi, amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba, kuma ba a rage adadin da aka yarda mutum ya sha ba. Saboda haka kada wadda ta sha sau ɗaya ta kwana da fargaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne awo. Ma'aunin da ƙwararrun hukumar suka sa wa sakarin shi ne miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mu ɗauki yaron firamare mai kilo 20. Iyakarsa miligiram 100 ke nan, wato ki raba cokalin shayi ɗaya wajen gida 40, ki ɗauki kashi ɗaya. To, robar zoɓo mai rabin lita, idan za ta yi zaƙi kamar lemon kwalba kuma da sakarin zalla aka haɗa ta, za ta ci fiye da miligiram 150. Kun ga roba ɗaya ta wuce iyakar yaron. Wucewar rana ɗaya ba za ta kwantar da shi ba, amma yaron nan kullum yake saye a ƙofar makaranta. Kamfani yana da sikeli da masu duba shi. Mu fa? Da yatsa muke ɗiba, mu ɗanɗana, mu ƙara.

Sai 'yan uwana masu cewa sun koma lemon da babu sukari don su rage ƙiba. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan kayan zaƙi don rage ƙiba, domin idan tafiya ta yi nisa ba sa rage kitsen jiki. An kuma lura cewa masu shan su shekara da shekaru sun fi yawan kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya. Ba a tabbatar su ne sanadi ba, amma alamar ta isa a yi hattara. Wannan shawara ba ta haɗa da waɗanda tuni suke da ciwon suga ba. Ke mai ciwon suga, ki bi abin da likitanki ya tsara miki, kuma kada wani ya ce miki zuma da dabino ba sa ɗaga suga. Suna ɗagawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙullin da babu suna. Da yawanmu mun tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, lokacin da mutane suka sha lemon da aka haɗa da garin da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Aka yi ta amai da fitsarin jini, ɗaruruwa suka kwanta a asibiti, aka yi asarar rayuka. Da NAFDAC ta gwada, sai ta tarar wani sinadari ne mai guba. Ba sakarin ba ne, amma hanyar ɗaya ce: farin gari a leda, babu suna, babu lamba, babu ranar lalacewa. Ido ba ya bambance farin gari da farin gari. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Don haka ina roƙon abu uku.

Na farko, mu daina sayen duk wani gari da ba shi cikin fakitinsa na asali mai lambar NAFDAC da kwanan wata.

Na biyu, mu yi amfani da ƙungiyar nan. Dalilin kafa ta ke nan. Idan masu kayan sha suka haɗa kuɗi aka sayo sukari buhu-buhu a wurin 'yan sari, aka raba, kuɗin kowane kwano zai sauka.

Na uku, mu rage zaƙin gaba ɗaya, domin shi ma sukarin ba a sake masa fuska ba. Hukumar ta ce babba kada ya wuce cokalin shayi 12 a rana, in ya tsaya a 6 ya fi. Harshe abin da aka saba masa yake nema, idan aka rage sannu a hankali zai bi. Iyayenmu da dankalin Hausa suke ƙara wa kunun zaƙi garɗi. Citta, kanumfari da ɓawon abarba suna ɗaga zoɓo, dabino da kwakwa suna ɗaga kunun aya. Kuma mai saye yana gane ɗacin nan da sakarin ke bari a maƙogwaro, ko bai faɗa ba. Wadda ta yi suna da zoɓo mai kyau ba ta rasa ciniki.

Uwar da ta ba ɗanta kuɗin tara ya zo ya sayi ƙanƙararki, amana ta ba ki. Mu riƙe ta da kyau.

Mai tambaya ta same ni bayan an ci abinci. Allah ya maimaita mana, ya mayar da kowa gida lafiya.